Mutum-mutumin tiyata: me yake ƙarawa, kuma me asibiti yake bukata kafin ya shigo da shi?

Ɗalibin Likitanci:
Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Ina so a warware mini wani abu. Kullum ana cewa nan gaba mutum-mutumi ne zai riƙa yi wa mutane tiyata. Wanda ake aiki da shi yanzu, shi yake yanka da kansa ko kuwa? Sannan idan asibiti ya tara kuɗi ya saya, shi ke nan an gama, ko da sauran aiki a gaba?

Likitan Fiɗa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara cire wannan hoton daga ranka. Na'urar da ta fi yawa a ɗakunan tiyata, wato da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a 2000, ba ta yanka ko milimita ɗaya sai likita ya motsa yatsunsa. Kashi uku ce. Akwai teburin sarrafawa, inda likita yake zama ya jingina goshinsa yana kallon cikin majiyyaci da zurfinsa, hoton ya ƙaru har wajen ninki 10. Akwai keke mai hannaye huɗu da ke tsaye a kan majiyyaci, hannu ɗaya na kyamara, uku na kayan aiki. Sai hasumiyar hoto, mai ɗauke da kwamfuta da fitila da injin wutar tsayar da jini.

Amfaninta ba ya fitowa sai ka san wahalar tiyatar huda ta hannu, wadda ake kira lafaroskofi. A can sanda ce miƙaƙƙiya a hannunka, ta ratsa bangon ciki, idan ka kai hannu dama bakinta ya yi hagu, kuma ba ta lanƙwasa. Kayan aikin na'urar kuwa suna da wuyan hannu a can ƙarshe, mai motsi iri 7. Kwamfuta tana tace rawar hannu, tana kuma rage motsi: ka tafi santimita 3, bakin almakashi ya tafi 1. A wurare masu faɗi wannan ba wani abu ba ne. Amma a can ƙasan ƙugu, bayan an cire furostet (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ana so a ɗinke mafitsara da bututun fitsari, ko a ƙoda idan an matse jijiyar jini ana yanke ƙari kuma ana so a saki jijiyar kafin minti 25 ko makamancin haka, nan ne ɗinki mai sauri da tsafta yake da daraja.

Abin da ta ƙwace maka shi ne jin taɓi. Ba ka jin taurin nama ko jan zare, da ido kake auna su. Shi ya sa sababbin hannu suke yawan tsinka zare wajen ƙulli. Sai a 2024 samfurin da Vinci 5 ya fito da kayan aiki masu mayar wa likita ƙarfin da yake sawa.

Injiniyan Asibiti:
Likita ya yi bayani. In ƙara abu biyu da ba a gani daga tebur.

Na farko, kowane hannu yana juyawa ne a kan ɗigo ɗaya da ba ya motsi a sarari. A jikin bututun da ake sokawa a ciki akwai baƙin zobe mai kauri, shi ne wannan ɗigon, kuma dole ya zauna daidai cikin tsokar bangon ciki. Idan an tura bututun ya wuce, ko an bar shi a sama, duk juyin da hannun zai yi sai ya riƙa yaga tsoka. Majiyyaci ya tashi da ciwo da ƙurji a wurin hudar, wani lokaci ramin ya faɗaɗa iska ta riƙa zuba, daga baya kuma ƙaba ta iya fitowa a nan.

Na biyu, wuyan hannun nan siraran wayoyi ne suke jan sa ta cikin sanda mai kaurin milimita 8. Wayoyin suna gajiya. Saboda haka kowane kayan aiki yana da ƙwaƙwalwa da ke ƙirga sau nawa aka jona shi. Da yawansu sau 10 ne, a 2020 kamfanin ya ƙara wa wasu zuwa tsakanin 12 da 18. Idan adadin ya cika, na'ura ba za ta karɓe shi ba ko da ya yi kyau a ido. Kuma a lura, idan aka jona shi aka fara aiki da shi na ɗan lokaci kaɗan, an ci sau ɗaya daga adadin ke nan. Nas da ba ta san wannan ba za ta iya buɗe kaya biyar don aikin da uku suka isa.

Sista Ɗakin Tiyata:
Gaskiya ne Injiniya. Ɗalibi, tambayarka ta biyu ita ce tamu. Saye shi ne mafi sauƙi.

Kafin majiyyaci ya shigo an kunna na'ura ta gwada kanta, an sa wa hannaye rigar leda mai tsarki, an tabbatar maƙalin kowane hannu ya zauna. Bayan an sa barci an gyara kwanciya, sai a hura cikin da iskar kabon, a sa bututu. Tsakanin bututu da bututu a bar wajen santimita 8, kuma a auna bayan ciki ya kumbura, ba kafin ba, don fata tana miƙewa. A nisanta su daga wurin aiki da santimita 10 zuwa 20. Idan sun matsu, hannayen za su riƙa karo da juna a waje, likita yana tebur yana jin kayan aiki ya tsaya masa bai san dalili ba. Daga nan a turo keke, a ɗaura hannun kyamara tukuna, a nuna mata wurin aiki, sannan sauran. Kowane kayan aiki a shigar da shi ana kallon bakinsa a allo. Kada a taɓa tura shi a makance. Hanji da manyan jijiyoyi suna iya hujewa a nan, wajen canza kaya, ba sai wajen aikin kansa ba.

Almakashin wuta yana da 'yar hula ta roba da ake sawa a wuyansa. Idan ta tsage, ko an manta ba a sa ba, wuta takan yi tsalle ta ƙona hanji a gefen da kyamara ba ta kallo. Ƙunar ba ta nuna kanta a ranar. Sai bayan kwana uku zuwa bakwai majiyyaci ya dawo da zazzaɓi da taurin ciki. Don haka ana duba hular kafin a sa, ana kuma ƙirga ta bayan an gama kamar yadda ake ƙirga audugar tiyata, domin takan zame ta faɗa ciki.

Sai wanki, wanda kusan kowa yake mantawa da shi wajen tsara kasafi. Sandar tana da rami a ciki, jini da kitse suna shiga. Dole a jiƙa ta tun jinin bai bushe ba, a tura ruwa ta ƙofofin wankinta da matsi, a goge wuyan ana lanƙwasa shi ta kowane ɓangare, a sa a injin wanki mai girgiza ruwa wanda tsawonsa ya ɗauki sandar, a shafa mai, sannan tukunyar tururi a digiri 134. Wasu kyamarorin ba sa jure tururi, nasu injin daban ne mai ƙarancin zafi. Asibitin da sashen tsarkake kayansa yake da rauni bai shirya wa wannan na'ura ba, komai ƙwarewar likitansa.

Likitar Sa Barci:
Sista ta taɓo inda nake so in shiga. Da zarar an ɗaura hannaye, gadon tiyata ya kulle. Ba a motsa shi sai an kwance, in ba gadon musamman da ke magana da na'urar ake da shi ba. Majiyyaci ma dole ya kulle. Idan ya yi tari ko ya yunƙura alhali ƙarafa suna kafe a cikinsa, nama ne zai yage, ƙarfe ba zai ba da hanya ba. Shi ya sa muke kashe tsoka sosai, muna aunawa da na'urar gwajin jijiya har ƙarshe.

A aikin ƙugu ana sunkuyar da kai ƙasa digiri 25 zuwa 30, ciki kuma yana hure a matsi 12 zuwa 15 na milimitar makuri, na sa'o'i. Hanji ya danno huhu, matsin numfashi ya hau, iskar kabon ta shiga jini, bututun numfashi yana iya zamewa ya shige huhun dama kaɗai. Fuska da maƙogwaro su kumbura, saboda haka kafin a zare bututu sai an gwada ko iska tana wucewa ta gefensa. Matsin ido yana hawa, mai gilokoma (cutar hawan matsin ido) sai an nemi shawarar likitan ido tukuna. Tokarin kafaɗa da ake sawa don kada mutum ya zame yana iya lalata jijiyoyin hannu, gara katifa mai riƙe jiki. Ƙafafun da aka rataye fiye da awa huɗu suna cikin haɗarin kumburin tsoka mai toshe jini. Hannaye kuma a naɗe suke a jiki ƙarƙashin keke, duk allurar ruwan da kake so ka sa ta tun farko.

Abin da nake roƙon kowace tawaga: a yi atisayen kwancewar gaggawa. Zuciya ta tsaya, ko babbar jijiya ta fashe. Wa zai buɗe bakin kayan aiki, wa zai zare su, wa zai saki bututu daga hannaye, wa zai ja keke baya, wa zai miƙe gado? Idan na'ura ta ƙage alhali maƙali yana riƙe da nama, akwai ɗan makulli da ake buɗe shi da hannu. Kowa ya san inda yake rataye. Ana so a yi wannan cikin daƙiƙu, kuma ba ya yiwuwa sai an maimaita shi lokacin da babu majiyyaci a gado.

Hajiya Mai Bincike:
Na karanta duka, Allah ya saka. Amma ba wanda ya amsa tambayar da ta fi damuna: majiyyaci ya fi samun lafiya ne? Abin da gwaje-gwajen da aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a suka nuna bai kai yadda ake talla ba.

A Birisben ta Ostareliya an kwatanta cire furostet da na'ura da kuma buɗe ciki, aka buga a mujallar likitanci ta Lancet a 2016. Zubar jini ya ragu, kwanan asibiti ya ragu, amma riƙe fitsari da ƙarfin namiji bayan mako 12 ba su bambanta ba. Gwajin ROLARR na 2017, mutum 471 masu kansar dubura: an koma buɗe ciki a kashi 8.1 cikin ɗari na masu na'ura, kashi 12.2 na masu huda ta hannu, kuma bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Gwajin RAZOR na 2018 a kan cire mafitsara ya nuna na'ura ba ta gaza buɗe ciki ba wajen dawowar kansa cikin shekara biyu. Ba ta gaza ba, amma ba a ce ta fi ba.

Mai tayar da hankali shi ne gwajin LACC, shi ma 2018, a kan kansar bakin mahaifa a matakin farko. Matan da aka yi wa ta huda, kashi 86 ne ba su ga dawowar cutar ba bayan shekara huɗu da rabi, waɗanda aka buɗe kuwa kashi 96.5. Yawancin masu hudar ta hannu aka yi musu, wajen kashi 16 ne na na'ura, amma ya isa ya sa manyan cibiyoyi suka koma buɗe ciki a wannan cutar. A 2019 FDA ta fitar da gargaɗi cewa ba a tabbatar da amfanin na'urar ba a cire nono da wasu ayyukan kansa idan ana maganar tsawon rai. Shekaru aka yi ana wa mata aikin bakin mahaifar ta huda da kyakkyawar niyya kafin a auna.

Likitan Fiɗa:
Hajiya, alƙalumanki daidai ne, ba na ja. Amma a duba su wa suka yi aikin. A ROLARR likitocin sun daɗe da gogewa a huda ta hannu, da yawansu kuma suna kan koyon na'ura. An haɗa gwani da mai koyo ke nan a jikin mutum ɗaya. Gwajin REAL da aka yi a Sin, aka buga a 2022 da mutum sama da 1,000 masu kansar dubura, ya sami gefen yanka mai sauran kansa a kashi 4 na masu na'ura, kashi 7.2 na masu hannu. Sannan ainihin abin da na'urar ta canza shi ne yawan likitocin da za su iya aiki mai wuya ba tare da buɗe ciki ba. Cire furostet ta huda da hannu aiki ne da 'yan kaɗan suka iya, na'ura ta sa ya zama gama-gari. Kada kuma a raina lafiyar likitan: tsayuwar awa biyar a karkace tana cinye wuya da kafaɗa.

Hajiya Mai Bincike:
Ranka ya daɗe, na yarda da kai a ƙugu da ƙoda. To amma ka ga ribar da ka lissafa ta ƙaramin rami ce, kuma a ayyuka da yawa huda ta hannu tana ba da ita a kuɗi kaɗan. Ɗauki cire matsarmama, aikin da kowane likitan fiɗa ya iya da hannu. Wani bincike a mujallar JAMA Surgery a 2023, a kan bayanan inshorar tsofaffi ta Amurka, ya sami raunin bututun matsarmama mai bukatar gyara a kashi 0.7 na masu na'ura, 0.2 na masu hannu. Ba gwajin ƙuri'a ba ne, yana yiwuwa masu wahala aka fi kai wa na'ura, yana yiwuwa kuma koyo ake yi a kansu. Ko wanne ne, majiyyaci yana da haƙƙin a gaya masa.

Likitan Fiɗa:
A matsarmama ina tare da ke. Sai dai yawanci da irin waɗannan ƙananan ayyuka ake koyon na'urar kafin a shiga manya, kuma wannan matsala ce ta gaske da ba a gama warwarewa ba.

Mai Kula da Kasafi:
Ku bar ni in sa lissafi, don shi yake tura asibitoci su yi abin da Hajiya take tsoro. Na'urar kan kai dala miliyan 1.5 zuwa 2.5 gwargwadon samfuri, kwangilar gyara kuma dala dubu 100 zuwa 200 duk shekara. Misali kawai: ka saya miliyan 2, ka raba a shekara 8, dubu 250 ke nan. Ƙara dubu 150 na gyara, ya zama dubu 400 a shekara ko an yi aiki ko ba a yi ba. Idan aiki 100 ake yi, kowanne ya ɗauki dala 4,000 tun ba a buɗe almakashi ɗaya ba. Idan 400 ne, ya sauko 1,000. Wani lissafi da aka buga a JAMA a 2018, daga kuɗin shigar kamfanin na 2017, ya ba da dala 3,568 a kowane aiki, kuma fiye da rabi na kayan da ake ƙarewa ne.

Kun ga tarkon. Wanda ya saya ba shi da isassun ayyukan ƙugu da ƙoda, sai ya fara cika jadawali da ƙaba da matsarmama don na'ura ta biya kanta. Kamata ya yi a ƙirga ayyukan da suka dace da ita tukuna, sannan a yanke shawarar saye.

Gasa ta fara shigowa tun da tsofaffin haƙƙoƙin mallakar Intuitive suka fara ƙarewa. Akwai Versius na CMR Surgical a Ingila da Hugo na Medtronic, waɗanda kowane hannu yake kan kekensa daban, Hinotori a Japan, Toumai a Sin, SSi Mantra a Indiya. Amma kada a kalli kuɗin saye kaɗai. A tambayi kuɗin kaya a kowane aiki, da kwana nawa injiniya yake ɗauka kafin ya iso.

Injiniyan Asibiti:
Wannan na ƙarshen shi ne babba, Malam. Ƙara da ɗakin kansa. Keken hannaye na samfurin da Vinci Xi ya haura kilo 800, sai an duba ƙarfin daɓe da lif da faɗin ƙofa. Kowane kashi yana son layin wutarsa. Batirin keken na 'yan mintuna ne, an yi shi don a zare kaya lafiya, ba don a ci gaba da aiki ba, saboda haka wutar ajiya marar yankewa wajibi ce.

Game da lalacewa, na'urar tana da kuskure iri biyu: wanda ake sharewa a ci gaba, da wanda sai an kashe an sake kunnawa. A duka biyun hannaye suna ƙagewa a inda suke. Wani nazari da aka buga a PLOS ONE a 2016 ya tattara rahotannin da aka kai wa FDA daga 2000 zuwa 2013: rahoto 10,624, a ciki mutuwa 144, rauni 1,391, matsalar na'ura 8,061, a tsawon lokacin da aka yi aiki sama da miliyan 1.7. Abin da ya fi yawa shi ne gutsuren kaya ya karye ko ya ƙone ya faɗa ciki, sai tartsatsin wuta, sai kayan aiki ya yi motsin da ba a nufa ba. Irin wannan rumbun ba ya kama komai, kuma ba ya nuna na'ura ce ta jawo kowace mutuwa. Amma ya nuna inda za a sa ido.

Sista Ɗakin Tiyata:
Akwai haɗarin da ba ya shiga wannan rumbun: magana. Likita yana kusurwar ɗaki, kansa a cikin tebur, ba ya ganin majiyyaci, ba ya ganin fuskar kowa. Mataimakin da ke gefen gado shi ne idonsa. Dole duk umarni a maimaita shi da baki: "zare hannu na ɗaya", "ina zare hannu na ɗaya, baki a buɗe yake?" Kuma faranti na buɗe ciki ya kasance a cikin ɗakin, rigar likita mai tsarki a kusa, domin shi bai wanke hannu ba yana tebur.

Likitan Fiɗa:
Wannan ya kawo mu horo. Tsarin da ya dace: karatun na'ura, sa'o'i a kan kwamfutar kwaikwayo har a ci ma'auni, gwaji a kan samfuri ko gawa, taimako a gefen gado, sannan aiki kashi-kashi a tebur biyu masu haɗe inda malami zai iya karɓe hannu nan take, sannan ayyukan farko a gaban gwani mai sa ido, a zaɓi marasa wahala. Takardar da kamfani yake bayarwa tana nuna ka san maɓallai ne kawai. Asibiti ne ya kamata ya ba da izinin aiki, kuma ga kowane irin aiki daban.

A Newcastle ta Ingila a 2015 wani majiyyaci ya rasu bayan gyaran bawul ɗin zuciya da na'ura. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna likitan bai sami cikakken horo a kanta ba, masu sa idon sun tafi kafin a gama, kuma maganar tawagar ba ta jiyuwa sosai. Duk wanda zai buɗe sabon shiri ya karanta wannan.

Ƙanena, ga abin da ya shafe ka kai tsaye. A buɗe ciki, malami ba ya iya aiki sai da hannunka, dole ka koya. A na'ura yana riƙe da kyamara da hannaye uku shi kaɗai, kai kana gefe kana zuƙe jini. Ana iya gama shekarun horo ba a taɓa tebur sosai ba, ba a kuma ƙware a buɗe ciki ba. Ranar da jijiya ta fashe, buɗewar ce za ta ceci rai. Ka nace a koya maka ita.

Ɗalibin Likitanci:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura batun nan gaba. Tiyata daga nesa fa, da mai yi da kansa?

Injiniyan Asibiti:
Daga nesa ba sabon abu ba ne. A ranar 7 ga Satumba 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana New York ya cire matsarmamar wata mata a Strasbourg ta Faransa da na'urar ZEUS, a kan layi na musamman, jinkiri wajen milisakan 155. A 2003 Dakta Mehran Anvari ya fara yin haka a kai a kai a Kanada, tsakanin Hamilton da North Bay, kilomita wajen 400. Haske a cikin wayar gilashi yana cin milisakan 5 a kowane kilomita 1,000, a ninka biyu don zuwa da dawowa, a ƙara lokacin matse hoto da warware shi. Ƙasa da milisakan 200 hannu yana sabawa. Abin da ya fi jinkiri illa shi ne jinkirin da yake hawa yana sauka, don ƙwaƙwalwa ba ta iya sabawa da shi. Ana bukatar layi biyu masu zaman kansu, da kariya daga masu kutse. Kuma a gefen majiyyaci dole akwai likitan da zai iya ƙarasa aikin idan layi ya yanke. Wannan ne ya sa ba ta magance rashin likita gaba ɗaya. Abin da na fi ganin zai yaɗu da wuri shi ne gwani daga nesa yana kallo, yana zana layi a allo, yana karɓar hannu a wuri mai wuya kawai.

Mai yi da kansa kuwa, ƙashi ya riga nama. Tun a 1992 na'urar ROBODOC ta fara sassaƙa ramin ƙashin cinya da kanta bisa tsarin da aka zana mata. Na'urar Mako ta kamfanin Stryker tana aiki da hoton sikanin CT: likita ne yake riƙe da zarto, na'ura tana hana shi fita daga iyakar da aka shata. Yana yiwuwa ne domin ƙashi ba ya canza siffa. Rauninsa yana wajen daidaita hoto da ƙashin gaske. Idan fil ɗin da aka kafa a ƙashi ya motsa, na'ura za ta yanka daidai bisa taswirar da ta riga ta karkace, don haka ake sake taɓa ɗigon gwaji kafin kowane yanka.

Nama mai laushi yana numfashi, yana zamewa, yana jini, hayaƙi yana rufe kyamara. A 2022 na'urar STAR ta Jami'ar Johns Hopkins ta ɗinke hanjin aladu masu rai ta huda da ƙaramin sa hannun mutum. A 2025 wata daga can, wadda ta koya daga bidiyon tiyata, ta yi matakin maƙalewa da yanke bututu da jijiyar matsarmama a kan gaɓoɓin alade guda 8 da aka riga aka ciro. Ci gaba ne na gaske, amma babu jini mai zuba, babu kumburi, babu tabon tsohuwar tiyata.

Hajiya Mai Bincike:
Shi ya sa nake ganin ƙirƙirarriyar basira za ta fara shiga ta ido kafin hannu: ta haska bututun fitsari a allo, ta yi gargaɗi idan kayan wuta ya fita daga gani, ta auna bidiyon mai koyo. Ko wannan ma sai an gwada shi kamar magani, domin alamar da ta yi kuskure sau ɗaya cikin ɗari tana iya sa likita ya daina dubawa da kansa. Tsarin IDEAL na gwada sababbin hanyoyin tiyata, wanda aka fitar a 2009 aka kuma yi wa mutum-mutumi nasa a 2024, ya shimfiɗa matakan: 'yan marasa lafiya na farko a rubuta komai, a faɗaɗa a hankali, a yi gwajin kwatanci, sannan rajista ta dogon lokaci. LACC ya nuna abin da ke faruwa idan aka tsallake na uku.

Injiniyan Asibiti:
Hajiya, akwai abin da yake wahalar da na ukun a nan. Magani ba ya canzawa bayan gwaji, manhaja tana canzawa. An gwada ta a bana, baɗi kamfani ya sabunta ta, wadda take ɗakin tiyata ba ita ce aka gwada ba. Abin da asibiti zai iya yi tun yanzu: a rubuta samfurin na'ura da lambar manhaja da lambar kowane kayan aiki a takardar tiyatar kowane majiyyaci, a adana bidiyo da bayanan motsi, kuma tun wajen sa hannu a kwangila a tabbatar asibiti yana da ikon karanta waɗannan bayanan ba sai ya roƙi kamfani ba. Duk lokacin da aka sabunta manhaja, a gwada ta a kan samfuri tare da tawagar kafin majiyyaci na farko, a kuma sa ranar a rajista don a iya kwatanta sakamakon kafin da na bayan.